GYAMBON CIKI: SANINSA, MAGANINSA DA HUKUNCIN AZUMIN MAI SHI

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi lafiya ta zama amana a hannunsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, babu wata shekara da watan Sha'aban zai kama face 'yan'uwa sun zo mana da tambaya, ko a zaure ko bayan an tashi daga karatu, a kan ciwon nan da ake kira gyambon ciki, wanda mutanen birni suka fi sani da sunan olsa, Larabawa kuwa suke ce masa ƙurhatul ma'ida. Mai tambayar ko dai ɗan kasuwa ne da ke wuni a rumfa, ko ma'aikacin gwamnati da ke wuni a kan tebur, tambayar kuwa guda ce: Malam, in ɗauki azumi ko in sha? Mun ga cewa ba shi yiwuwa a ba da amsa mai amfani sai an san ciwon tukuna, domin ƙa'ida ce a wurin malamai cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci ko mene ne shi. Saboda haka muka zauna da likitoci Musulmi, muka tambaya, muka karanta abin da ya sawwaƙa, ga shi kuma mu kanmu mun ɗanɗani wannan ciwo shekaru masu yawa kafin Allah Ya yaye mana.

Abin da ya ƙara tunzura mu ga yin wannan rubutu shi ne abin da ya sami wani ɗalibinmu, mai sayar da atamfa, magidanci ɗan shekara arba'in da 'yan kai. Ya daɗe yana kuka da zafin ciki, ya ɗauki azumi a haka, kuma kullum da sahur sai ya haɗiyi ƙwayar ciwon jiki domin ya iya jure tsayuwar kasuwa. Ana tsakiyar watan, bayan La'asar, sai ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumfarsa, cikinsa ya ƙage kamar katako. A daren aka shiga da shi ɗakin tiyata, aka tarar gyambon ya huda. Allah Ya sa da sauran shan ruwa a gaba, ya tashi. Da muka je duba shi muka tambaye shi abin da ya hana shi ajiye azumin tun da ya ji jiki, sai ya ce: "Wallahi Malam, kunya na ji yarana na shago su gan ni ina cin abinci da rana." Wannan kunya ta kusa mai da 'ya'ya bakwai marayu.

Mene ne gyambon ciki?

Allah cikin hikimarSa Ya sanya tumbin ɗan Adam yana fitar da wani ruwa mai tsami da kaifi ƙwarai, wanda likitoci ke kira asid, domin ya narkar da abinci ya kuma kashe ƙwayoyin cutar da aka haɗiya tare da shi. Da wannan ruwa zai daɗe a kan tsokar da ba ta da kariya, da ya cinye ta. To, sai Ya lulluɓe bangon tumbin daga ciki da wani yauƙi mai kauri wanda ke tsare shi, kamar yadda yaɓe ke tsare katanga daga ruwan sama. Idan wani abu ya raunana wannan yauƙi, sai ruwan tsamin ya sami hanya ya ci naman, ya bar miki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan miki shi ne gyambon ciki. Wani lokaci a cikin tumbin yake fitowa, amma ya fi yawa a farkon ƙaramin hanji, watau mashigar da abinci ke bi idan ya bar tumbi.

Alamarsa da aka fi sani ita ce zafi ko raɗaɗi a ƙahon zuci, tsakanin cibiya da ƙashin ƙirji. Wanda nasa ke farkon hanji yakan fi jin zafin idan ciki ya zama wayam, har ya tashe shi daga barci a tsakar dare, in ya ɗan ci abu sai ya lafa. Wanda nasa ke cikin tumbi kuwa, sau da yawa cin abincin ne ke tayar masa da shi. Akan haɗa da yawan gyatsa, da kumburin ciki, da tashin zuciya, da saurin ƙoshi. Ciwon yakan zo ya yi makonni, ya tafi ya yi watanni, sa'an nan ya komo. Wannan zuwa da tafiya shi ke yaudarar mutane, su zaci sun warke.

Sai dai lalle ne a sani, ba kowane zafin ciki ne gyambo ba. Da yawa daga cikin masu cewa suna da olsa, idan aka leƙa cikinsu ba a samun miki ko kaɗan. Wani ƙwannafi ne ke damunsa, wani tsakuwa ce a matsarmama, wani kuwa, musamman dattijo ko mai ciwon sukari, ciwon zuciya ne ya zo masa da kamar zafin ciki. Don haka mutum ya yanke wa kansa cewa ga abin da ke damunsa ba tare da an auna shi ba, ganganci ne.

Daga ina yake zuwa?

Tun muna yara abin da muka taso muna ji shi ne yunwa ce ke kawo gyambon ciki, ko yaji, ko yawan tunani. Har likitocin duniya ma a kan wannan fahimta suke shekaru da dama. Suna ba majinyaci madara da abinci marar yaji, su ce ya rage damuwa, idan abin ya ƙi su yanke wani sashe na tumbin. A shekarar 1976 aka fito da maganin Cimetidine mai rage ruwan tsami, aka sami sauƙi babba, amma da zarar mutum ya daina sha sai ciwon ya komo wa mafi yawansu. An ɗauka ciwo ne na mutu ka raba.

Ana nan sai wani likita mai binciken cututtuka a birnin Perth na ƙasar Ostireliya, mai suna Robin Warren, ya lura a shekarar 1979 cewa akwai waɗansu ƙwayoyin cuta masu lanƙwasa a jikin naman tumbin da ake kawo masa ya duba a madubin likita. A lokacin an yi imani cewa babu ƙwayar cutar da za ta rayu cikin tsamin tumbi. Wani saurayin likita, Barry Marshall, ya haɗa kai da shi, a 1982 suka sami nasarar renon ƙwayar a ɗakin bincike. Manyan likitoci suka ƙi yarda da su. Da Marshall ya ga haka, a shekarar 1984 sai ya ɗauki ruwan da ke ɗauke da ƙwayar ya shanye da kansa. Cikin 'yan kwanaki ya kama amai, aka leƙa tumbinsa aka ga ya kumbura, alhali kafin nan lafiya lau yake. Gani ya kori ji. Aka sa wa ƙwayar suna Helicobacter pylori, kuma a shekarar 2005 aka ba mutanen nan biyu lambar yabo ta Nobel. A lokacin masu ba da lambar sun bayyana cewa ita ce sanadin fiye da kashi 90 cikin 100 na gyambon farkon hanji, da abin da ya kai kashi 80 cikin 100 na gyambon tumbi.

Akwai abin lura ga mai hankali a nan. Maganin yana nan tun da daɗewa, illa dai ba a san cutar ba. Ya tabbata a hadisi cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da Ya saukar mata da magani, wani ya san shi, wani ya jahilce shi. Ga misalinsa mun gani da idonmu a zamaninmu.

Wannan ƙwaya tana cikin kusan rabin mutanen duniya, kuma ta fi yawa a inda ake da cunkoso da ƙarancin ruwa mai tsabta. Yawanci tun mutum yana yaro yake ɗaukarta a cikin gida, ta hanyar yawu, ko hannun da ba a wanke ba bayan an zaga, ko ruwan sha da ya gurɓata. Takan zauna shekaru aru-aru a cikin yauƙin tumbi, tana fitar da wani abu da ke kashe tsamin da ke kewaye da ita. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba su jin kome har su koma ga Allah. Kaɗan daga cikinsu ne take yi wa gyambo, waɗansu ƙalilan kuma takan kai su ga ciwon dajin tumbi, abin da ya sa a 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi.

Sanadi na biyu, wanda ya fi shafar 'yan kasuwa da direbobi da masu aikin ƙarfi da tsofaffi masu ciwon gaɓɓai, shi ne ƙwayoyin kashe zafin jiki. Ku duba jikin kwali, idan kun ga an rubuta Aspirin, ko Ibuprofen, ko Diclofenac, ko Piroxicam, to, ku san dangi ɗaya ne. Suna kashe ciwo da gaske, amma a lokaci guda suna hana tumbi yin yauƙin da ke tsare shi. Haka nan garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a 'yan ƙunshi, da haɗe-haɗen ƙwayoyi da ake ƙulla wa mutum a leda ba suna ba kwali, da yawansu wannan dangi ne a ciki. Babban haɗarinsu shi ne suna iya yin gyambon kuma su ɓoye zafinsa, mutum bai ankara ba sai ya ga jini. Mai gyambon ciki idan ciwon kai ko na jiki ya same shi, farasitamol ya fi masa aminci, bisa ƙa'idar da aka rubuta. Amma wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina don ya karanta wannan, sai ya koma wurin likitansa su daidaita.

Yunwa da yaji da damuwa kuwa, binciken likitoci ya nuna ba su ne ke haƙa mikin ba, sai dai suna tayar da zafinsa ga wanda ya riga ya kamu. Taba sigari tana hana shi warkewa tana kuma sa ya komo. Giya ma tana ƙona bangon tumbi, ga haramcinta da ba ya ɓuya ga kowane Musulmi.

Alamomin da ba a jira da su

Akwai alamomi waɗanda idan an gan su babu zancen bari a ga gobe, ko dare ne ko rana, ko ana azumi ko ba a yi. Na farko, aman jini, ko aman da ya fito baƙi-baƙi kamar dusar gahawa. Na biyu, bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari, domin wannan jini ne da ya narke a hanji, ko da yake maganin ƙarin jini ma yakan baƙanta bayan gida, likita ne zai rarrabe. Na uku, ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya kamar an soka wuƙa, ciki ya ƙage, wannan alamar hujewa ce, kowace sa'a da aka ɓata tana rage wa mutum damar tsira. Na huɗu, jiri da gumi mai sanyi da ɗashewar ido da tafin hannu. Waɗannan huɗu a ɗauki mutum nan take a kai shi babban asibiti, kada a ba shi kome ya sha.

Sa'an nan akwai waɗanda ba na gaggawar sa'a ba ne, amma ba a wuce 'yan kwanaki ba a ga likita ba: rama ba dalili, da wahalar haɗiya, da amai kullum bayan cin abinci, da zafin ciki da ya fara wa mutum bayan ya manyanta alhali da can ba ya yi. Irin waɗannan likita yakan so ya leƙa ciki da wani siririn bututu mai fitila da ake zurawa ta baki, domin ya tabbatar ba wani abu ne da ya fi gyambo ba.

Yadda ake warkewa

Bari mu ba da labarin kanmu domin wani ya amfana. Ciwon ya kama mu tun muna ɗalibai. Mun sha madara, mun sha ruwan kanwa, mun sha farin maganin nan mai kauri da ake kaɗawa kwalba-kwalba, mun sha saiwoyi iri-iri da 'yan'uwa suka kawo da kyakkyawar niyya. Kowanne yakan ba mu sauƙi na sa'a ɗaya ko biyu. Akwai lokacin da ba mu iya zama mu gama darasi guda ba tare da mun dafe ciki ba, tsayuwar dare kuwa ta gagare mu. Sai da wani likita daga cikin masu zuwa karatu ya matsa mana muka yi gwajin bayan gida, aka sami ƙwayar nan. Ya rubuta mana magani na mako biyu. Ba za mu ɓoye ba, maganin yana da wahala, baki ya yi ɗaci kamar an tsotsi ƙarfe, ciki ya ɗan lalace, a kwana na biyar har mun yi niyyar ajiyewa domin zafin ya riga ya tafi. Uwargida ce ta tsaya a kanmu sai da muka shanye. Yau shekaru ke nan muna azuminmu na farilla da na nafila, alhamdu lillahi.

Ga yadda abin yake a wurin likitoci. Ana gane ƙwayar ta gwajin bayan gida, ko gwajin numfashi, ko a ɗan gutsuri naman tumbi lokacin da aka leƙa. Gwajin jini ba ya rarrabe tsakanin wanda yake ɗauke da ita yanzu da wanda ya taɓa yi ya rabu da ita, don haka ba a dogara da shi wajen tabbatar da warkewa. Wanda yake shan maganin rage tsami irin su Omeprazole ya gaya wa likita kafin gwaji, domin akan so a dakatar da shi mako biyu tukuna, in ba haka ba gwajin yana iya nuna babu alhali akwai.

Idan an same ta, akan haɗa wa mutum maganin kashe ƙwayoyin cuta iri biyu ko fiye, tare da maganin rage tsami, na kwana 10 zuwa 14. Bayan nan akan ci gaba da mai rage tsamin na mako 4 zuwa 8 gwargwadon yadda mikin yake, har ya rufe. Mai rage tsamin ya fi aiki idan an sha shi kamar rabin sa'a kafin cin abinci. Sa'an nan bayan an gama maganin kashe ƙwayar da aƙalla mako 4 sai a sake gwaji, domin a tabbatar ta mutu. Wanda aka tabbatar ta mutu a cikinsa, kuma ya nisanci ƙwayoyin ciwon jikin nan, da wuya gyambon ya komo masa.

A nan ne mutanenmu suka fi yin kuskure. Wani ya sayi rabin maganin domin kuɗi, wani ya ji sauƙi a kwana huɗu ya ajiye sauran don wata rana, wani kuwa ya ba maƙwabcinsa. Yin haka yana kashe raunanan ƙwayoyin ya bar masu taurin kai, su hayayyafa, har in an sake ba da maganin ya ƙi ci. Likitoci a ƙasashe da yawa suna kuka da wannan. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa wanda ya biya rabin kuɗin mota ba ya isa Legas. Kuma kuɗin da ake zubarwa shekara da shekaru wajen sayen maganin lallashi ya ninka kuɗin gwaji da magani na gaskiya.

Game da zuma da habbatus sauda, ba mu musun albarkarsu, kuma babu laifi mai gyambo ya sha zuma in ba shi da ciwon sukari. Amma malaman da suka yi sharhin hadisan magani, irin su Ibnul Ƙayyim, sun bayyana cewa magani yana bambanta gwargwadon cuta da jiki da wuri da adadi. Haɗa su da maganin likita ya halatta, ajiye maganin likita dominsu kuwa sakaci ne. Haka nan addu'a da tawakkali ba su kore neman magani, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi magani ya kuma yi umurni da a yi.

Zama da shi kafin ya warke

Babu wani abinci guda da aka haramta wa dukan masu gyambo. Kowa ya lura da abin da ke tayar masa ya bari. Yawanci akan ambaci barkono mai yawa, da soye-soye masu maiƙo, da lemon kwalba, da shayi mai kauri, da gahawa, da goro a kan yunwa. Madara tana sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya ta sa tumbi ya ƙara fitar da tsami, don haka abinci ce, kada a ɗauke ta magani. Kanwa tana kashe tsami nan take, amma gishiri ne mai nauyi, yawan shanta haɗari ne ga mai hawan jini da mai ciwon ƙoda.

Ɗan kasuwa da ke fita da sassafe da ɓarin goro a baki, ba zai ci kome ba sai bayan Magariba ya zauna wa malmalar tuwo uku, ya sake tsari. Haka ma'aikacin da ke karyawa da shayi da sigari. A ci kaɗan-kaɗan a kan lokaci, kada a kwanta da cikakken ciki. Shiryarwar Annabi a kan raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, wadda Tirmizi ya ruwaito, babu likitan da zai ƙara wa mai gyambo abin da ya fi ta. Amma maganar nan da ta shahara a bakin masu wa'azi mai nuna cewa ciki ne matattarar cututtuka, malaman hadisi sun ce zancen Harisu ɗan Kalada ne, likitan Larabawa mutumin Ɗa'ifa, kada a jingina ta ga Annabi.

Domin tsare iyali kuwa, a kula da ruwan sha, a wanke hannu da sabulu bayan an zaga da kuma kafin a sa hannu a akushi, iyaye mata su bar tauna abinci suna ba jariri. Rigakafi ya fi magani.

Hukuncin azumi

Allah Maɗaukaki Ya yi wa marar lafiya rangwame a aya ta 184 da ta 185 cikin Suratul Baƙara, cewa ya sha ya rama a waɗansu kwanaki. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shaihu Khalil da sharhohinsa, sun kasa al'amarin kashi-kashi. Wanda yake tsoron azumi zai ƙara masa ciwo, ko ya jinkirta masa warkewa, ko ya jawo masa wahala mai tsanani, ya halatta ya sha. Wanda kuwa yake tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ya zama wajibi a kansa, in ya ƙi ya yi laifi. Ana sanin wannan tsoro ta faɗar likita masani amintacce, ko ta abin da mutum ya jarraba a jikinsa.

Idan muka ɗora wannan a kan gyambon ciki, masu shi sun kasu uku. Na farko, wanda gyambonsa ɗanye ne yana kan ciwo, ko ya yi aman jini ko baƙin bayan gida ba da daɗewa ba, ko an yi masa tiyata kwanan nan. Wannan ya sha, kuma idan likita ya ce akwai haɗari to shan wajibi ne. Likitoci a waɗansu ƙasashen Musulmi, kamar Turkiyya, sun lura cewa hujewar gyambo takan ƙaru a watan Ramadan a tsakanin irin waɗannan. Na biyu, wanda aka yi wa magani ya warke, aka sake gwaji aka tabbatar. Wannan azumi wajibi ne a kansa kamar kowa, kada ya fake da sunan ciwon da ya riga ya rabu da shi. Na uku, wanda yake tsaka-tsaki, yana jin ɗan zafi jefi-jefi ba tare da alamar haɗari ba. Wannan ya ga likita tun a Rajab ko Sha'aban. Sau da yawa akan tsara masa maganin rage tsami ya sha kafin sahur, ya yi azuminsa lafiya. Ya jinkirta sahur kamar yadda sunna ta koyar, ya yi buɗa baki da dabino da ruwa da kunu, ya dakata da ƙosai da soyayyen abu da yaji sai ciki ya natsu. In kuwa da rana ya ga ɗaya daga cikin alamomin nan huɗu, ya karya nan take a tafi asibiti, ba a jiran kiran salla.

Wanda ya sha, ramuwa ce a kansa kwana da kwana idan ya sami lafiya, babu kaffara. In ciwon ya zarce da shi har wani Ramadan ya zo bai sami ikon ramawa ba, babu ciyarwa a kansa, ramuwar dai tana nan. Amma in ya sami lafiya ya yi sakaci har wani Ramadan ya riske shi, to, sai ya rama ya kuma ciyar da mudu ɗaya na mudun Annabi a kan kowane yini, watau cikin tafi biyu na matsakaicin mutum. Wanda likitoci suka tabbatar ba zai taɓa iya azumi ba, a wurin Malikiyya an so ya ciyar da mudu a kan kowane yini, waɗansu mazhabobi kuwa sun wajabta. Sai dai a yau da wuya gyambon ciki shi kaɗai ya kai mutum wannan matsayi, tun da ana warkewa. Don haka wanda ya shekara goma yana ciyarwa da sunan olsa, bai taɓa zuwa an auna shi ba, ya sake duba al'amarinsa, domin mai yiwuwa maganin mako biyu ne tsakaninsa da rukuni guda na Musulunci.

Haɗiyar ƙwaya ko shan ruwan magani da rana yana karya azumi. Aman da ya rinjayi mutum ba ya karyawa matuƙar bai mai da wani abu ciki ba. Bututun leƙa ciki kuwa, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya a zamanta na Jidda a 1997 ta tafi a kan cewa ba ya karya azumi idan ba a shigar da ruwa ko wani abu tare da shi ba. Da yake galibi akan shigar, abin da ya fi shi ne a yi shi kafin watan, in kuwa lalura ta sa an yi da rana sai a rama yinin.

Muna kira ga masu gida da iyayen gida a kasuwa da shugabannin ofisoshi, idan kun ga na ƙasa da ku ya sha azumi bisa uzuri, kada ku bi shi da kallo ko habaici. Shi kuma ya ci abincinsa a ɓoye domin girmama watan. Yaron shago da ke dafe ciki kullum, kai shi a auna shi yana cikin haƙƙinsa a kanka, kuma sadaka ce. Ɗalibin nan namu da muka ba da labarinsa, bayan tiyata an yi masa maganin ƙwayar, ya rama azuminsa da sanyin hunturu, kuma shekarar da ta biyo ya yi watan cif. Yanzu shi ne ke hana abokan cinikinsa sayen ƙwayoyin leda.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa abin da suka sha na wahala ya zama kankarar zunubi, Ya nuna mana watan Ramadan muna masu ƙoshin lafiya da imani. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.